Rigar Sojan da Bai Dawo Ba

Samarinmu uku ne suka shigo shagona ranar Asabar, sun zo karɓar kaftanin da na rage musu. Ɗayansu, ɗan Alhaji Sabo, ya leƙa ƙarƙashin fitilata ya ga wata kwat a shimfiɗe, da rami a kafaɗarta wanda bai kai ƙwayar masara ba. Ya ce, "Baba, wai wannan ɗan ramin ne tun jiya kake kansa? Ai na gani a waya, akwai gam da ake mannawa ta ciki, a bi da guga, shi ke nan." Sauran suka yi dariya, suka ƙara wata magana da Turanci.

Ban yi fushi ba. Gam ɗin akwai shi, har a durowata akwai. Ana mannawa rami ya rufe, mai kaya ya tafi yana murna. In an yi wanki biyu sai wurin ya ƙandare kamar fatar ganga, in ya tashi yagewa kuma ya tafi da lafiyayyen yadi. Ni ba toshe rami nake yi ba, sake saƙa wurin nake. Sai na ce musu, tunda kun ce abu ne mai sauƙi, ku zauna ku ji.

Kowane yadi zare biyu ne, na tsaye da na kwance, suna hawa juna. In asu ya ci riga ko wuta ta taɓa ta, zaren nan ne suka tsinke. Ba kuma kantin da zai sayar maka da zaren da ya sha rana da wanki daidai da nata. Sai ka juya rigar, ka nemi inda ido ba ya kaiwa, cikin kalmasa ko bayan aljihu, ka zaro zare daga jikinta. Ka kafe wurin a kan ɗan matashi mai tauri, ka sa gilashin da ke ƙara girman abu, ka fara mayar da na tsaye ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bi su da na kwance yadda masaƙa ta yi tun farko. Kayan aikin ba su da yawa: doguwar allura marar tsini don kada ta huda zare, hantsaki, ƙaramin almakashi, dutsen guga da farin ƙyalle mai danshi, sai fitila mai haske irin na rana. Duk za su shiga aljihu ban da fitilar da dutsen gugar. Abin da ba ya shiga aljihu shi ne zaman. Ka sunkuya tun hantsi, bayanka na kallon ƙofa, ba ka magana da kowa, in ka ɗago ka tarar da la'asar.

A Tudun Wadar Zariya na koya, wurin wani tsohon soja da kowa ke kira Baba Kofur. Telan soja ne a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, da ya dawo ya buɗe rumfa. Mahaifina ya kai ni ina ɗan saurayi, ina ta zumuɗin hawa keken ɗinki. Shekarata ta farko ko taɓa keken ban yi ba. Aikina hura gawayin guga, da farke ɗinki. Yakan miƙo min tsohon wando ya ce in raba shi gunduwa-gunduwa ba tare da na tsinka zare ba. In na gama ya ɗaga zaren a rana ya duba, in ya ga tsinke sai ya miƙo wani wandon, ko kallona ba ya yi.

Ran da ya fara nuna min saƙar rami, rigar wani malamin makaranta ce da ɓera ya ci. Na ce, "Baba Kofur, ga zare irin sa a kwando, mu sa mana."

Ya ce, "Irin sa a idonka. Kai shi bakin ƙofa ka sake dubawa."

Na kai, na ga ashe nawa ya fi haske nesa. Ya ce a Bama ya koyi haka, ba don gwaninta ba, don dole. Ruwan sama na can ba ya ɗaukewa, zaren da ake aiko musu ruɓewa yake tun yana cikin kwali. Na ce, to da me kuke ɗinki? Ya ce, "Da na rigunan waɗanda ba su sake bukatar riga ba." Ya ci gaba da aikinsa. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa game da Bama ke nan, duk tsawon zaman da muka yi.

Da na yi ƙaura zuwa ƙasar waje, nan birnin Greensboro, ba wanda ya tambaye ni abin da na iya. Na fara da ɗaga kwalaye a wani sito da ke kan babban titin Wendover, har wani ɗan Ghana ya ji labarin ina ɗinki, ya haɗa ni da wata mai shagon wanki da guga. Ta ba ni ɗakin baya, ba taga, ina rage tsayin wando da sauya zif. Wata rana aka kawo kwat ɗin wani lauya da taba ta ƙona, mai shagon ta ce a mayar masa, ba yadda za a yi. Na ce ta bar min ita zuwa jibi. Daga wannan kwat ɗin ne matan Irving Park, unguwar masu kuɗi, suka san da ni, har na sami abin kama wannan ɗan shagon da kuke gani, tsakanin mai gyaran waya da mai yankan farce.

Kwastoma iri-iri ne. Akwai mai kawo rigar sanyin da ta fi albashina tsada, ta ajiye ta tafi ba ta ko zauna ba. Akwai namu, masu kawo babbar riga ana jibi Sallah su ce lallai gobe. Akwai kuma masu shigowa da kaya a rungume, ba a leda ba. Waɗannan in ka gan su ka tura aikin gabanka gefe, don ba riga kaɗai suka kawo ba. Kayan mamaci ne kusan kullum.

A rungume Mista Des ya shigo da tasa, cikin rigar matashin kai. Dogon tsoho ne da ya haura tamanin, ya rankwafa, yana dogara sanda. Turancinsa ya ba ni wuya da farko, don ba irin na nan ba ne. Mutumin Ostareliya ne. Aikin masaƙa ya kawo shi garin nan tun yana matashi, lokacin da masaƙun ke aiki dare da rana, ya auri 'yar nan, ya sayi gida da fili a Summerfield, can bayan gari. Matar ta rasu, 'yarsu guda ta koma Ostareliya da zama. Ya ji wani namu yana kirana Malam, ya ɗauka sunana ke nan, ni kuma ban gyara masa ba.

Ya ce, "Malam, an ce kai ne mai ɓatar da rami."

Ya zaro ta ya shimfiɗa. Rigar soja ce ta ulu, kakin ya koma launin busasshiyar ciyawa, da manyan aljihuna huɗu, da lambar tagulla mai siffar fitowar rana a kwala. Warin kafur ya cika shagon. Ina ganin aljihunan na tuna hoton Baba Kofur cikin kakin soja da ke rataye a rumfarsa. Amma asu ya yi mata mugun ci. Da na ɗaga ta a fitila, bayanta kamar rariya, ga kafaɗa, ga ƙarƙashin kwala.

Na ce, "Aikin watanni ne, kuma ban yi maka alkawarin duka ba."

Ya ce, "Zuwa Afrilu fa?"

A lokacin muna farkon sanyi. Ya ce a ƙasarsu akwai wata rana a ƙarshen Afrilu da ake fita tun da asuba ana tunawa da sojojin da suka mutu. Yana so ya je, karo na ƙarshe, ya tsaya a garinsu da rigar mahaifinsa, sannan ya damƙa ta ga 'yarsa. Likita ya ce masa in zai yi doguwar tafiya to ya yi ta bana.

Abu na farko da irin wannan riga, ba a wanke ta. Ruwa na taɓa ta za ta watse. Na naɗe ta a leda na sa a firiza don sanyi ya kashe ƙwan asun, na fito da ita ta huce, na sake mayarwa. Sannan na bi ta da buroshi mai laushi, kowace kalmasa, kowane lungun aljihu. Sai na zagaye kowane rami da farin zare don in san abin da ke gabana. Zaren aiki kuwa na same shi a cikin kalmasar ƙasa, wadda telan da ya ɗinka ta ya bari da faɗi, Allah ya saka masa, ko waye shi.

A wajen zagayen nan na ga wani rami a saman aljihun hagu wanda ba irin sauran ba ne. Cin asu bakinsa a tsattsage yake. Wannan kuwa zagayayye ne, bakinsa baƙi, ya ɗan ƙandare. Da Mista Des ya dawo na nuna masa.

Na ce, "Wannan ba asu ba ne. Wutar taba ce. Kana shan taba?"

Ya ce bai taɓa sha ba. Mahaifiyarsa ma haka. Ya sa gilashina ya daɗe yana kallo, ya ɗora ɗan yatsansa a kai. Can ya ce, "To mahaifina ne ke nan." Ya ajiye gilashin. "Wannan ka bar shi, Malam."

Ku riƙe wannan in kuna son sana'ar: kafin ka gyara, ka tambayi abin da za a bari.

Daga nan ya ɗauki al'adar zuwa duk Talata. Wai duba aiki yake zuwa yi. Ni ba na son a zauna min a kai ina aiki, amma shi bai dame ni ba. Yakan zo da shayinsa a fulas, ya ja kujerar kwastoma kusa da hita, ya yi ta magana da bayana. Ni ina ƙirga zare, ina cewa "to" ko "ikon Allah". A haka na ji labarin gidansu kaf.

Asalinsu mutanen Ailan ne, tsibirin da ke maƙwabtaka da Ingila, wanda Ingila ta daɗe tana mulka. Kakan kakansa, Maikal, manomi ne a gonar haya. Aka kama shi cikin waɗanda suka tayar wa mai gona, aka sa masa mari a ƙafa, aka zuba shi a jirgin ruwa zuwa Ostareliya, don a lokacin can Ingila ke zubar da fursunoninta. Ya yi shekaru yana fasa dutse yana share daji. Matar da ya aura daga baya, Birijit, yunwa ce ta kawo ta. Dankalin da suke rayuwa a kai ya ruɓe a gona shekara da shekaru, iyayenta suka mutu, aka kwashe ta tare da wasu 'yan mata marayu aka tura su can aikatau. Ta sauka ba ta san kowa ba, ko Turanci ba ta ji sosai, yarensu take yi.

Ya ce, "Ka ga mutanen da ba su da dalilin son Sarkin Ingila. Amma da yaƙi ya tashi, jikokinsu suka sa rigarsa. A yaƙin duniya na farko har sai da aka yi rigima a cocinmu, wasu na cewa me ya haɗa ɗan Ailan da yaƙin Ingila. Ƙanen kakana ya tafi duk da haka, bai dawo ba. A na biyu mahaifina ya tafi."

Na ce, "Mu ma haka. Turawan Ingilar ne suka ci garuruwanmu da bindiga, kafin a jima suka kwashi 'ya'yan waɗanda suka ci, suka kai su Bama." Na ba shi labarin Baba Kofur.

Ya ajiye kofinsa. "Bama? Baƙaƙen sojoji daga ƙasarku?"

Na ce sosai ma. Ya ce shi bai taɓa ji ba, ko a makaranta. Ashe nasa mahaifin can wajen ya ƙare. Japanawa suka kama su a Singafo, aka kora su daji gina layin dogo tsakanin Tailan da Bama, ba abinci, ba magani. Can ciwo ya kashe shi. Ita wannan rigar ba ta je ko'ina ba. A hutunsa na ƙarshe ya bar ta gida, don an ce musu inda za su zafi ne. Mista Des yana ɗan shekara biyu a lokacin. Ya ce fuskar mahaifinsa a hoto kawai ya san ta. Abin da ya sani da kansa shi ne buɗe kabad ɗin mahaifiyarsa ya cusa kai cikin rigar nan.

Wata Talatar kuma ya zo ba walwala. Ya ce akwai abin da ba a faɗa a gidansu. Da Maikal ya gama wa'adinsa aka ba shi fili a bakin wani rafi, ya yi kiwon tumaki, daga nan arzikin gidan ya fara. Amma rafin da mutanensa. Baƙaƙen mutane ne 'yan asalin ƙasar, suna nan tun kafin a san da wani jirgi. Ya ce, "Ina yaro na tambayi kakata ina suka tafi. Ta ce in ci abincina. An kore mu daga gonarmu, muka zo a ɗaure, muka kori wasu daga tasu. Ka san abin da za a ce da wannan, Malam?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya kuma ban sani ba. Na ci gaba da saƙata, shi kuma ya zauna har aka fara rufe shaguna.

Sai shekarar korona ta shigo. A sana'ata ban ga irinta ba, har da shekarar da mutane suka yi ta rasa gidajensu saboda bashin banki. Ba biki, ba ofis, ba wanda ke sa kwat balle ta yage. Aka ce mu rufe. Mai gyaran waya ya kwashe kayansa bai dawo ba. Ni da na ƙi hawa keken ɗinki sai dole, na koma ɗinkin takunkumin fuska daga safe zuwa yamma, ina zubawa a leda ina ratayewa a ƙofa, mai so ya ɗauka. Wendover da ba ka iya tsallakawa don motoci, ta zama fayau. 'Ya'yana biyu suna wasu jihohi, sai dai a waya. Masallaci a rufe. Nakan yi kwanaki ban yi magana da mutum ido da ido ba. In na gaji da takunkumi sai in kunna fitila in koma kan rigar soja, ko da yake na ji a labarai cewa Ostareliya ta rufe ƙofarta, ba shiga ba fita.

Na gama ta ana saura kwanaki azumi. Na buga masa waya.

Ya ce, "An soke jirgin, Malam."

Na ce, "Na ji. Amma riga ta gamu."

Sannan ya ce 'yarsa ta gaya masa bana ba taro, kowa zai fito bakin ƙofar gidansa da asuba ya tsaya da kyandir. Ya ce shi ma zai fito nasa. "Ban ce ka zo ba. Nesa ne, kuma da sassafe."

Na ce, "Mu azumi ya kama, a farke nake a lokacin."

Ranar na yi sahur, na yi sallar asuba ni kaɗai a ɗaki, na ɗauki rigar na kama hanyar Summerfield. Ban gamu da mota ba sai ɗaya ko biyu. Gidansa yana can ciki, da shingen katako da fili babba wanda ciyawa ta cinye. Na hango shi tsaye a bakin hanya, ya sa kwat da taye, sanda a hannu ɗaya, kyandir a ɗayan. Ba wani gida da ke da haske a layin. Na tsaya nesa da shi kamar yadda aka ce a yi, na rataye rigar a jikin shingen, na ja da baya.

Ya matso ya haska ta. Ya juya bayanta, ya shafa da tafin hannu daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya ɗaga kwala ya duba. Ya zaro wayarsa ya ɗora a kan shingen, ya danna, sai ƙarar begila ta fito, siririya, irin wadda muke ji daga bariki muna yara. Ya cire hularsa ya miƙe iyakar yadda bayansa zai bari. Ni ba addinina ba ne, ba ƙasata ba ce, amma na tsaya. Na yi wa Baba Kofur addu'a a zuciyata. Dokin maƙwabcinsa ya zo ya leƙo ta kan shinge. Muna nan har gari ya waye kyandir ɗin ya zama ba shi da amfani.

Ya ce, "Da na ba ka shayi."

Na ce, "Ina azumi."

Ya yi dariya. Ya ce in koma da rigar, gidansa ne ya ba asu ita tun farko, in ajiye masa har a buɗe hanya. Na mayar da ita mota.

Ba a buɗe hanyar da wuri ba. Muna waya jefi-jefi, muryarsa na ƙara yin ƙasa. Da sanyi ya dawo na kira ba a ɗauka ba, na sake kira bayan kwana biyu, shiru. Maƙwabcin nan mai doki ne ya zo shago ya gaya min ya rasu. Zuciya ce. A kujerarsa aka same shi. Ba a yi wani taro ba, don 'yar ba ta da hanyar zuwa.

Rigar ta zauna a wurina cikin jakar auduga, a can ƙarshen layin kaya. In bazara ta shigo sai in fito da ita in bi ta da buroshi, in duba kalmasa, in mayar. Ban san lambar 'yar ba, ita ma ban san ko ta san da ni ba.

Sai bayan an buɗe ƙasarsu, wata rana da azahar, wata mata mai furfura ta shigo. Tsayin kaɗai ya isa in gane ta. Ta ce sunanta Morin, ta zo sayar da gidan mahaifinta, maƙwabci ne ya ce mata akwai ajiya a wurin wani tela. Na fito da rigar na shimfiɗa mata. Ta duba gaba da baya, ta ce ita ba ta ga inda aka gyara ba, sai wannan ramin na saman aljihu da na manta. Na ce ban manta ba, na gaya mata dalili. Ta zauna a kujerar kwastoma ba tare da na ce ta zauna ba.

Ta ce, "Maƙwabcin ya ce duk mako babana yana zuwa nan. Me yake yi?"

Na ce, "Magana."

"Babana? Magana a kan me?"

Na ce a kan Maikal da Birijit, da rafin, da layin dogo. Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce ta san kakanta ya mutu a yaƙi, ta san asalinsu Ailan, iyakarta ke nan. In ta tambaye shi sai ya ce tsohon zance ne. Wace ce Birijit?

Na juya allon ƙofa na rufe shago. Na ba ta labarin tun daga marin ƙafa har zuwa begilar da ke kan shinge, yadda ya ba ni, da Turancina na sito da ɗakin guga. Inda na manta na ce na manta. Na mutanen rafin ma ban ɓoye ba. Ba ta katse ni ba sai sau ɗaya, da ta ce in sake faɗin sunan garin da marainiyar ta fito. Na faɗa yadda kunnena ya ɗauka, ta ce za ta nemo shi.

Da muka gama na nuna mata yadda ake naɗe ta: farar takarda marar kauri a cikin hannuwa da kafaɗa, jakar auduga ba leda ba, a riƙa fito da ita tana shan iska. Ta karɓa a rungume. A bakin ƙofa ta tsaya.

Ta ce, "Yana cikin mota, in kana so ka yi masa sallama."

Ban gane ba sai da muka fita. Su ƙona gawa suke yi in mamaci ya bar wasiyyar haka, shi kuma ya bari, don a iya kai shi gida. Tokarsa ce a wani ɗan akwatin katako, bai fi wanda nake zuba maɓallai a ciki ba. Ta ɗora shi a kujerar gaba ta ɗaura masa bel. Jibi jirginsu zai tashi, za ta binne shi kusa da mahaifiyarsa.

Mu ba haka muke yi da mamatanmu ba, ban kuma san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba. Ta shimfiɗa rigar a kujerar baya. Na sunkuya ta taga na ce da Hausa, "Sauka lafiya, Mista Des."

Ta ja motar. Na tsaya ina kallo har ta sami shiga cikin motocin Wendover, na daina bambance ta da sauran. Na koma ciki na buɗe shago, don akwai wani wando da aka ce za a zo karɓa kafin magariba, ban ko yi masa kalmasa ba.